Me Ya Sa Ake Ci Gaba da Ɗigon Shan Inna Bayan An Ce An Kawar da Ita?

A ranar 25 ga Agustan 2020 aka yi shelar cewa yankin Afirka ya rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali, bayan shekara huɗu ba a sake ganinta ba tun daga yaran da ta kama a jihar Borno a 2016. Shekarar da ta biyo baya kuwa, wato 2021, an ƙirga yara sama da 400 a Najeriya da shan inna ya shanye musu ƙafa ko hannu, kuma har yau ma'aikatan rigakafi na shiga lunguna da kular allura a kafaɗa, suna ɗiga wa yara magani a baki, suna shafa musu tawada a ƙaramin yatsa, suna rubuta lambobi da alli a jikin ƙofa. Magidancin da ya tare su a zaure ya ce, "To, ba an ce ta ƙare ba?" bai yi tambayar jahilci ba. Tambaya ce mai tushe, kuma amsarta tana cikin binciken da masana ƙwayoyin cuta suka yi a shekaru ashirin ɗin da suka wuce, binciken da ba kasafai ake warware wa jama'a shi dalla-dalla ba, wataƙila don tsoron kada gaskiyar ta firgita iyaye. A ganina wannan tsoron ya fi cutarwa fiye da gaskiyar kanta.

Shan innan da ke kama yara yanzu a Najeriya da Nijar da Chadi tsatsonsa daga maganin ɗigon baki ne. Wannan magana ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɓoye ba, amma idan aka faɗe ta haka ba tare da bayani ba, sai mai saurare ya ɗauka cewa yaron da aka ɗiga wa shi ne ke kamuwa. Akasin haka ne ke faruwa: wanda aka ɗiga wa yana samun kariya, wanda ba a ɗiga wa ba shi ne ke faɗawa hannun ƙwayar bayan ta daɗe tana yawo ta rikiɗa. Kafin a fahimci yadda hakan ke yiwuwa, sai an leƙa cikin ƙwayar cutar da kuma cikin jikin ɗan Adam.

Ƙwayar shan inna bairos ce, ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda ba ta ƙunshi komai ba sai ɗan ƙoƙo na furotin da kundin gado na RNA mai haruffa kusan 7,500 a cikinsa. Ba ta iya hayayyafa da kanta, dole sai ta shiga cikin sel, wato ƙananan ɗakunan halitta da jikin mutum ya ginu da su. A 1989 ne masana a Amurka suka gano ƙofar da take shiga ta cikinta, wani furotin da ke saman sel ana kiransa CD155, kuma saboda mutum ne kaɗai take zaune a jikinsa a yanayi na yau da kullum, ba kare ba, ba sauro ba, aka yi imanin cewa za a iya kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Da zarar ta shiga sel sai ta datse hanyar da sel ɗin ke bi wajen ƙera furotin ɗinsa, ta karkatar da injinan ƙirar zuwa nata aikin, cikin sa'o'i kaɗan sel ɗin ya fashe ya saki dubban sababbin ƙwayoyi. Yawanci duk wannan a maƙogwaro da hanji yake faruwa, ƙwayar ta fita ta bayan gida, ta shiga ruwa ko abinci ko hannun wani yaron, kuma mafi yawan waɗanda ta shiga jikinsu ba za su taɓa sanin ta shiga ba. A wasu ƙalilan ne take tsallakawa ta kai ga laka, ta kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka. Ƙwayar nau'i uku ce: na 1 da na 2 da na 3. A nau'i na 1, kusan mutum ɗaya cikin 200 ne ke shanyewa. A nau'i na 2 adadin ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ma'anar wannan ita ce, duk yaro ɗaya da aka gani da shanyayyiyar ƙafa, akwai ɗaruruwa ko dubbai a bayansa da ke ɗauke da ƙwayar suna wasa a tsakar gida lafiyarsu ƙalau.

Rigakafin cutar iri biyu ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Na Jonas Salk, wanda aka amince da shi a 1955, matacciyar ƙwaya ce da ake yi da allura. Yana gina garkuwa a cikin jini, yana hana ƙwayar kaiwa ga laka, ba kuma zai taɓa rikiɗa ba tunda matacce ne, amma ba ya toshe hanji yadda ya kamata, don haka yaron da allura kaɗai aka yi wa zai iya ɗaukar ƙwayar ya watsa ta ba tare da ta taɓa shi ba. Na Albert Sabin, wanda ya shigo a farkon shekarun 1960, rayayyiyar ƙwaya ce da aka raunana, ana ɗiga ta a baki, ta hayayyafa a hanji ta koya wa hanjin kansa yadda zai kori cutar. Yana da arha, ba ya buƙatar ƙwararren mai allura, har ma ƙwayar da yaro ke fitarwa a bayan gida na makwanni takan kai ga ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta ta ba su kariya a kyauta. Da wannan ɗigon aka sauko da cutar daga kimanin mutum 350,000 a shekara a ƙasashe 125 lokacin da aka ƙaddamar da yaƙin kawar da ita daga duniya a 1988, aka kawar da nau'i na 2 na asali, wanda aka yi wa ganin ƙarshe a Indiya a 1999, aka kawar da nau'i na 3, wanda aka yi wa ganin ƙarshe a jihar Yobe a Nuwamban 2012. Nau'i na 1 ne ya rage, a Pakistan da Afganistan.

Matsalar tana cikin yadda ƙwayar ke kwafar kundinta. Abin da ke yi mata wannan aiki kamar mai kwafar littafi ne da hannu cikin gaggawa, ba malamin da zai duba masa, saboda haka kusan kowane kwafi yana fitowa da kuskure a wani wuri. Yawancin kurakuran illa suke wa ƙwayar, amma wasu amfaninta suke, kuma wanda ya amfane ta shi ne ke rinjaye a zuriyar da ke biyo baya. Raunin da ke cikin nau'i na 2 na Sabin kuwa a wurare biyu kacal ya fi rataya. Ɗaya harafi ne guda a matsayi na 481, a farkon kundin, inda zaren RNA ke naɗewa ya yi wata siffa da injinan sel ke kamawa kafin su fara aiki. Ɗayan kuma yana jikin furotin ɗin ƙoƙon. Harafin na 481 kan koma yadda yake a ƙwaya mai ƙarfi cikin kwanaki kaɗan a hanjin yaron da aka ɗiga wa. A garin da kusan kowane yaro ke da garkuwa, wannan ba ya haifar da komai, domin ƙwayar za ta fita ta rasa inda za ta sauka, ta mutu. A garin da aka bar yara da yawa ba rigakafi, ga ƙarancin masai, ga rijiya kusa da kwata, sai ta samu daga wannan zuwa wancan har tsawon shekara ko fiye, tana tara gyare-gyare, tana kuma musayar sassan kundi da wasu danginta na bairos da ta tarar a hanji ɗaya, har ta koma tana shanye yara kamar ta asali.

An fara tabbatar da irin wannan ɓarkewar a tsibirin da Haiti da Jamhuriyar Dominika ke kai, a 2000 da 2001. Arewacin Najeriya ya ga tasa daga 2005, bayan dakatar da rigakafin da aka yi a 2003 a Kano da wasu jihohi, lokacin da jita-jitar cewa maganin na hana haihuwa ta samu karɓuwa a zukatan mutanen da ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Kano ta koma rigakafi a Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indunusiya, amma kafin nan ƙwayar asali ta riga ta fara bazuwa, daga baya har ta kai ƙasashe kusan 20, kuma gibin garkuwar da aka bari ya buɗe wa rikiɗaɗɗiyar nau'i na 2 hanya ta shanye ɗaruruwan yara a shekarun da suka biyo baya.

Daga nan ne masu tsara yaƙin suka yanke shawarar da a takarda ba ta da aibi. Tunda nau'i na 2 na asali ya ƙare, kuma duk shan innan nau'i na 2 da ake gani daga ɗigo yake fitowa, sai a cire shi daga maganin. A Afrilun 2016, cikin kimanin mako biyu, ƙasashe 155 suka daina amfani da ɗigo mai nau'i uku suka koma mai nau'i biyu, da nufin a riƙa yi wa kowane jariri allurar Salk don kare shi, a kuma ajiye tsohon ɗigon nau'i na 2 a rumbu don kashe duk wutar da ta tashi. Abubuwa biyu suka ɓata lissafin. Allurar ta yi ƙaranci a kasuwar duniya a daidai lokacin, ƙasashe da dama suka yi shekaru suna jira; sannan ƙwayoyin da ke yawo tun kafin sauyin ba su mutu duka ba. Duk shekara ana haihuwar miliyoyin yaran da hanjinsu bai taɓa sanin nau'i na 2 ba, kuma duk lokacin da aka buɗe rumbu aka ɗauko tsohon ɗigon don kashe wata ɓarkewa, sai ƙwayar maganin ta tsallaka zuwa yankin da ba a yi rigakafin ba ta dasa sabuwa. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2020 ya nuna ta hanyar nazarin kundin ƙwayoyin cewa ɓarkewa da dama na bayan 2016 daga wannan martanin suka samo asali. Adadin yaran da rikiɗaɗɗiyar nau'i na 2 ta shanye a duniya ya tashi daga 2 a 2016 zuwa sama da 1,000 a 2020.

Yadda ake sanin asalin kowace ƙwaya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a nan ne aikin ya fi burgewa. Idan aka samu yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da wata gaɓa tasa ta saki farat ɗaya, jami'in sa ido zai karɓi bayan gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla kwana guda, cikin kwana 14 da fara ciwon, a saka a kula mai ƙanƙara a kai ɗakin gwaje-gwaje na Ibadan ko na Maiduguri. Tun daga 2011 kuma, lokacin da aka fara a Kano, ana ɗibar ruwan manyan kwatoci: ma'aikaci ya tsaya a bakin lambatu da sassafe, lokacin da gari ya tashi ana shiga banɗaki, ya zura guga da igiya ya ɗebo kimanin lita guda, wadda ke ɗauke da labarin hanjin dubban mutanen da ba wanda ya tambaye su komai. A ɗakin gwaji ana zuba samfurin a kan sel da ake rainonsu a kwalba, ciki har da na ɓera da aka dasa musu ƙofar CD155 don ƙwayar shan inna ta fi samun shiga, dabarar da asalinta ke komawa ga aikin John Enders da abokansa biyu a 1949, wanda ya ba su kyautar Nobel a 1954. In ƙwaya ta tsiro sai a karanta wani sashe na kundinta mai haruffa kusan 900. Wannan sashen yana sauyawa da kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara, don haka yawan bambancinsa da maganin Sabin shi ke nuna tsawon lokacin da ƙwayar ta yi tana yawo, kamanninsa da wasu samfuran kuma su nuna danginta da hanyar da ta biyo.

Da wannan karatun aka san cewa ƙwayar da ta ɓulla a Jigawa ita ce ta shanye yara a jihar Damagaram a 2018, ta kuma isa Kamaru da Benin da Gana. Da shi ne aka gane cewa wadda aka tsinta a ruwan kwatocin Barcelona da Warsaw da wasu biranen Jamus da Birtaniya da Finland a ƙarshen 2024 jikar wata ce da aka fara gani a Zamfara a 2020. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin abin gori ga yanki guda, domin a 2022 wani matashi da bai taɓa rigakafi ba ya shanye a jihar New York, a ƙasar da ta daina ɗigon baki tun shekarar 2000, kuma a Agustan 2024 an samu jariri ɗan wata 10 da ta shanye a Gaza, karo na farko cikin shekara 25, bayan yaƙi ya rusa asibitoci da magudanan ruwa. Ƙwayar gibi take nema, ko yaƙi ne ya buɗe shi, ko 'yan bindiga, ko ƙin yarda.

Martanin da masana suka bayar shi ne sabon ɗigo mai suna nOPV2, wanda Raul Andino na Jami'ar California da ke San Francisco da Andrew Macadam na cibiyar tantance magungunan halitta ta Birtaniya suka jagoranci ƙera shi tare da wasu. Sabin ya samu ƙwayoyinsa ne ta hanyar gwaji da zaɓe, ba tare da sanin waɗanne haruffa ne suka raunana su ba. Su kuwa waɗannan sun san haruffan, sai suka zauna suka sake rubutun da gangan. Gyara na farko, sun sake ɗinka naɗin nan da ke kewaye da matsayi na 481 ta yadda sauyin harafi ɗaya ba zai isa ya maido masa da ƙarfi ba. Na biyu ya fi dabara. Sun san ƙwayar za ta iya yar da gyararren farkon kundin gaba ɗaya ta ari na wata 'yar'uwarta, sai suka ciro wani ɗan sashe da ba ta iya hayayyafa sai da shi daga mazauninsa a tsakiyar kundin, suka dasa shi a can farkon, suka lalata na tsakiyar. Duk ƙwayar da ta yar da farkon kundinta ta yar da abin rayuwarta ke nan. Na uku, sun taɓa mai kwafar kansa a wurare biyu, don ya rage kuskure ya kuma rage musaya. Gwajin farko a kan mutane an yi shi a 2017 a birnin Antwerp na Beljiyam, inda manya 30 masu sa kai suka yarda aka killace su rukuni-rukuni na tsawon makwanni a cikin gidajen kwantena da aka kafa a harabar asibitin jami'a, ana tattara duk abin da ya fito daga jikinsu don kada ƙwaya ko ɗaya ta fita waje.

A Nuwamban 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi izinin gaggawa, shi ne rigakafi na farko da ya samu irin wannan izinin, kuma a Najeriya aka fara amfani da shi a Maris ɗin 2021. Kamfanin Bio Farma na Indunusiya ne ya fara sarrafa shi. Maganin ya samu cikakkiyar amincewar hukumar a Disambar 2023, kuma an ɗiga fiye da biliyan ɗaya nasa. Ƙiyasin masu shirin shi ne ya rage haɗarin dasa sabuwar ɓarkewa da kusan kashi 80 cikin 100 idan aka kwatanta da tsohon. Wannan nasara ce ta haƙiƙa, sai dai ba ta cika ba. A Maris ɗin 2023 aka sanar da yara bakwai, shida a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ɗaya a Burundi, da ƙwayar da ta fito daga sabon ɗigon ta shanye. Abin da ya faru shi ne abin da masu ƙerawar suka san zai yiwu amma suka yi fatan zai yi wuya: ƙwayar ta yi musaya sau biyu, ta fara aro sashen nan na rayuwa daga wata danginta ta mayar da shi tsakiya, sannan ta samu sararin yar da gyararren farkon. Musaya biyu a jere tana buƙatar lokaci da kuma jikkuna masu yawa da ba su da garkuwa, wato dai sharaɗin da ya ɓata tsohon ɗigon shi ne ya ci gaba da aiki, sai dai yanzu ƙofar ta ƙara ƙuntata.

Akwai kuma wani ɓangaren binciken da ke amsa ƙorafin da iyaye suka fi yi, cewa an ɗiga wa ɗansu sau shida ko bakwai, me ake nema kuma? Nazarin da aka yi a jihohin Uttar Pradesh da Bihar na Indiya, da wanda aka yi a Najeriya, ya nuna cewa ɗigo ɗaya ba ya kamawa a hanjin yaron da ke fama da gudawa da tamowa da wasu ƙwayoyin hanji kamar yadda yake kamawa a jikin yaron Turai, saboda ƙwayar maganin tana tarar da wurin a cunkushe. Maimaitawar ke cike wannan gurbin. Da za a riƙa faɗa wa uwa wannan a bakin ƙofa, maimakon a ce mata kawai umarni ne daga sama, da an rage yawan gidajen da ake shafa wa yara tawada a yatsa ba tare da an ɗiga musu komai ba, al'adar da masu sa ido suka sha kamawa, wadda ke sa takarda ta nuna an gama unguwa alhali ƙwayar na nan. Sarakunan Arewa da suka shiga aikin a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi tun 2009 sun nuna cewa mutane na sauraron wanda suka yarda da shi, amma shi ma mai unguwa yana buƙatar a ba shi bayanin da zai iya karewa idan aka ƙure shi da tambaya. Haka nan ƙorafin cewa ana bin mutane gida da maganin shan inna kyauta alhali asibitin garinsu ba maganin zazzaɓi, ba ƙorafi ne da nazarin RNA zai warware ba.

A ɗakunan bincike aiki bai tsaya ba. A 2023 Andino da Macadam da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Nature irin wannan gyara da suka yi wa nau'i na 1 da na 3, ana kuma gwada su a kan mutane. Wasu a Ingila na ƙera ƙoƙon ƙwayar zalla ba kundi a cikinsa, wanda ba zai taɓa hayayyafa ba, wasu kuma sun gwada karanta kundin kai tsaye daga bayan gida ba tare da jiran rainon sel ba, abin da ke rage makwannin da ake ɓatawa kafin a san an samu ɓarkewa. An ɗaga wa'adin kawar da nau'i na 1 na asali zuwa 2027, na rikiɗaɗɗiyar nau'i na 2 zuwa 2029. Bayan haka shirin shi ne a janye ɗigon baki gaba ɗaya a koma allura kaɗai, wato a maimaita irin matakin 2016 a kan nau'i biyun da suka rage. Ko zai yi kyau a wannan karon ya dogara ne da yawan jariran da ake kaiwa asibiti a yi musu rigakafin yau da kullum, ciki har da allurar Salk sau biyu da Najeriya ta saka a jadawalinta, kuma a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta shekarun nan, Najeriya na da yara sama da miliyan 2 da ba a taɓa yi musu ko allurar farko ta jadawalin ba, akasarinsu a Arewa, da yawansu a garuruwan Zamfara da Sakkwato da Katsina da Borno da ma'aikacin lafiya ba ya iya shiga sai da rakiyar jami'an tsaro.